Baƙon Haske da Masu Bin Sawunsa

Ranar 28 ga Maris, 2011, ƙarfe ɗaya saura 'yan mintoci na rana agogon GMT, wani tauraron ɗan'adam na Amurka mai suna Swift ya hangi haske mai ƙarfi ya tashi daga wani gefe na arewacin sama. Aikinsa ke nan tun da aka harba shi a Nuwamban 2004. Gadin sama yake yi, da zarar ya ga irin wannan walƙiya sai ya juya da kansa ya fuskance ta, ya aiko da labari ƙasa. Nan da nan wayoyin masana falaki a ƙasashe daban-daban suka yi ƙara. Aka sa wa abin suna irin na 'yan uwansa, GRB 110328A, wato fashewar hasken gama ta farko a wannan rana. A lokacin Swift yana ganin kusan ɗari irinta a shekara, saboda haka babu wanda hankalinsa ya tashi.

Ba a yi awa ɗaya ba ƙararrawa ta sake bugawa, daga wurin nan dai na ɗazu. Washegari ta ƙara bugawa har sau biyu. A nan ne masu abin suka gyara zama, domin fashewar gama, a yadda aka santa, mutuwar tauraro ce ko karon gawarwakin taurari biyu, kuma tauraro ba ya mutuwa sau huɗu. An sa wa baƙo sunan da ba nasa ba. To, shi wane ne?

Amsa wannan tambaya sana'a ce mai zaman kanta, kuma a cikin ayyukan ilimi da na sani kaɗan ne suke burge ni kamarta.

Hasken da masu wannan sana'a suka fi bi shi ne eksire, ɗan uwan gama, wanda ake ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya da shi a asibiti. Ido ba ya ganinsa. A sararin sama, abin da ke fitar da shi yawanci iska ce da zafinta ya kai digiri miliyoyi, irin wadda ake samu inda baƙin rami ke zuƙar abin da ke kusa da shi, ko inda tauraro ya tarwatse. Iskar da ta lulluɓe duniyarmu tana shanye wannan haske kaf kafin ya iso ƙasa. Rahama ce gare mu, amma ta tilasta wa mai son ganinsa ya fita waje. A 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka daga hamadar New Mexico, ta yi 'yan mintoci a sama, ta dawo da labarin wani tushen eksire mai tsananin ƙarfi da aka kira Sco X-1. Ranar 12 ga Disamba, 1970 kuma aka harba tauraron ɗan'adam na farko da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, daga wani dandamali na Italiya a cikin teku kusa da Malindi a Kenya. Ranar ta dace da bikin samun 'yancin Kenya, sai aka sa masa suna Uhuru, wato 'yanci da harshen Suwahili.

Abin da waɗannan na'urori suka nuna shi ne sama iri biyu ce. Wadda muke gani da ido mai natsuwa ce: Kaza da 'Ya'yanta suna nan yadda kakanninmu suka bar su. Ta eksire kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Wani abu zai kunno kai inda jiya babu kome, ya rinjayi duk maƙwabtansa, ya yi wata biyu ko minti biyu, ya ɓace. Wani ba zai sake dawowa ba har masu kallonsa su tsufa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da masanin ke riƙe da shi a hannu, don daga nan ne za a ga girman gwanintar. Ba hoto yake samu ba, ɗigo ne kawai a kan allon kwamfuta. Bayan ɗigon akwai wani jadawali, kowane layi ƙwayar haske ɗaya ce da ta faɗo a kan na'ura: ga lokacin da ta iso, ga gurbin da ta faɗa, ga ƙarfinta. Wani lokaci layukan miliyoyi ne, wani lokaci ɗari ne da 'yan kai. Daga wannan ne zai faɗi ko abin tauraro ne maƙwabcinmu, ko kuwa wani bala'i ne da ya auku tun duniyar nan ba ta da tsiro ko ɗaya a bayanta. Maharbin da ya durƙusa a kan sawu, ya duba zurfinsa da tazararsa da danshin ƙasar, ya ce dabba kaza ce ta wuce kafin asuba, shi ne zai fi kowa fahimtar wannan aiki.

Gwani ba ya fara da babban zato. Tambayarsa ta farko mai sanyaya gwiwa ce: shin akwai ma wani abu a wurin? Ƙananan ɓarɓashi masu gudun tsiya da ke yawo a sararin sama sukan bugi na'ura su bar tabo mai kama da haske. Hasken gaskiya da ya bi ta madubi yana bazuwa a kan gurabe da yawa bisa wani tsari da aka sani, na bogi kuwa yakan taru wuri ɗaya ko ya ja layi. In abin ya tsallake wannan, sai tambaya ta biyu: ba ƙaramin tauraro ba ne na kusa da mu yake tunzuri? Jajayen ƙananan taurari sun cika unguwarmu, kuma sukan yi amon wuta irin na ranarmu, sai dai nasu ya fi muni. A Afrilun 2014 wani irinsu mai suna DG CVn, wanda nisansa bai wuce tafiyar haske ta shekara 60 ba, ya yi amon da ya tayar da ƙararrawar Swift kamar wata fashewa ce daga ƙarshen sama. Shi ya sa kafin a ce uffan ake buɗe kundin Gaia, tauraron ɗan'adam na Turai da ya auna matsayin taurari fiye da biliyan ɗaya, a ga ko akwai wani sanannen tauraro zaune a daidai gurbin. Yawancin baƙi a nan ake sallamarsu. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma rabin sana'ar nan a cikin wannan magana yake.

Duk wannan ya rataya ne a kan sanin gurbi. Na'urar Swift mai faɗin ido tana kallon kusan kashi ɗaya cikin shida na sama a lokaci guda, amma iyakarta ta ce abin yana cikin wata da'ira da taurari da yawa za su iya shiga. Sai Swift ya juya cikin minti ɗaya ko biyu, madubinsa na eksire ya matse da'irar ta zama ɗan mitsitsi. Sai a lokacin mai babban madubi a kan dutse zai san inda zai duba.

Labarin da na fi so a duk tarihin wannan fanni na haƙuri ne. A farkon Agustan 1975 tauraron ɗan'adam na Birtaniya mai suna Ariel 5, wanda shi ma daga dandamalin nan na Kenya aka harba shi, ya ga wani sabon ɗigo. Masanan Jami'ar Leicester ne suka tsinto shi a cikin bayanansu, aka sa masa suna A0620-00. Cikin kwanaki ya yi ta hauhawa har ya zarce Sco X-1, ya zama mafi ƙarfin tushen eksire da aka taɓa gani a wajen gidan rana. Masu madubin ƙasa suka duba gurbin, suka tarar da wani tauraro da a da da ƙyar ake ganinsa, yanzu haskensa ya ninka sau ɗaruruwa.

Sai wasu suka yi abin da ni a wurina shi ne alamar gwani na gaske: suka koma baya. A Jami'ar Harvard akwai ɗakin ajiya da ke ɗauke da faranti na gilashi fiye da 500,000, kowanne hoton wani yanki ne na sama, an fara ɗaukarsu tun wajen shekarun 1880. Mutum zai zaro faranti daga rigarsa ta takarda, ya ɗora shi a kan fitila, ya sa gilashin ƙara girma, ya ga taurari baƙaƙe kamar an watsa barkono a kan farin ƙyalle, ya nemo gurbin da yake so, ya mayar, ya zaro na gaba. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga tauraron nan ya haskaka a farantan 1917. Wanda ya ɗauki hoton bai san abin da ya kama ba, kuma a zamaninsa babu wanda ya san akwai eksire a sama. Amma shedarsa ta warware magana guda: abin ba mutuwa ba ce, tunda ya taɓa yi shekara 58 da suka wuce ya kuma rayu. Wani abu ne mai tara abinci a hankali, in ya cika ya amayar.

Saura sanin ko wane ne mai cin. A nan dole aka jira wutar ta mutu, domin muddin tana ci hasken faifan iskar da ke kewaya abin yana rufe kome. Da ta lafa, sai ɗan ƙaramin tauraron da ake zuƙa ya bayyana, ɗan ja-ja, bai kai ranarmu ba. Jeffrey McClintock da Ronald Remillard suka bi shi dare bayan dare suna rarraba haskensa zuwa launuka kamar na bakan gizo. A cikin launukan akwai siraran layuka baƙaƙe da sinadaran tauraron ke bari, kuma layukan sukan gusa wajen shuɗi in tauraro yana tahowa wajenmu, su gusa wajen ja in yana tafiya. Suka ga suna kai da komo duk awa bakwai da minti 45, da gudun da ya haura kilomita 400 a sakan ɗaya. Daga waɗannan lambobi biyu kaɗai, lissafin da aka gada tun daga Kepler da Newton yana ba da mafi ƙarancin nauyin da abin da ake kewayawa zai iya yi. A 1986 suka fitar da sakamako: ya ɗara nauyin rana uku. Tauraron nutron, wanda shi ne ɗayan da ake zargi, ba zai iya ɗaukar nauyin da ya wuce haka ba tare da ya rufta ba. Abu mai wannan nauyi, kuma ba ya fitar da hasken kansa, baƙin rami ne. Awon da aka yi daga baya ya kai shi wajen nauyin rana shida da rabi. Shekara goma sha ɗaya tsakanin ganin baƙo da sanin sunansa, kuma ba a san shi ba sai da ya yi shiru.

Ba kullum ake jira haka ba, don wani lokaci baƙon da kansa yake tona asirinsa. Tauraron nutron gawar babban tauraro ce da ta dunƙule, faɗinta kamar kilomita 20, nauyinta ya fi na rana. Bambancinsa da baƙin rami shi ne yana da doron ƙasa, abin da ya faɗo masa yana da inda zai sauka. Iskar haidirojin da hiliyam da yake zuƙa daga maƙwabcinsa sukan taru a bayansa, su matsu, su yi zafi, sai rana ɗaya su kama wuta gaba ɗaya kamar bam ɗin nukiliya. A jadawali wannan yana da kamanni da gwani ba ya kuskurewa: haske ya yi tsalle cikin sakan ɗaya ko biyu, ya sauko a hankali cikin sakan goma ko fiye, kuma yayin da yake saukowa ƙwayoyin hasken suna raguwa a ƙarfi, alamar wuri ne mai zafi yake hucewa. A 1975 aka fara ganin irin wannan. Wani kuma bugu yake yi kamar zuciya, domin yana juyawa da tabo mai zafi a jikinsa: Uhuru ya ji Cen X-3 yana bugawa duk sakan 4.8. Ko ɗaya daga cikin biyun nan aka gani, magana ta ƙare, ba baƙin rami ba ne.

Abin da ke burge ni shi ne yadda suke riƙe da wannan hujja ta fuska ɗaya kawai. Ganin fashewar yana tabbatarwa, rashin ganinta ba ya tabbatar da kome, don mai yiwuwa ba a kalla a lokacin da ya dace ba. Akwai wani mai suna Cir X-1 da aka daɗe ana sa shi cikin jerin waɗanda ake zaton baƙaƙen ramuka ne, saboda yadda haskensa ke ƙyaftawa da sauri kamar na wani baƙin rami mai suna Cyg X-1. A tsakiyar shekarun 1980 tauraron ɗan'adam na Turai mai suna EXOSAT ya ga irin waccan fashewa daga gurbinsa, sai aka sauya masa layi. Darasin ya zauna wa mutanen fannin. Shi ya sa a gajerun sanarwar da suke aika wa juna ta intanet cikin sa'o'i, za ka ga suna bambanta abin da suka auna da abin da suke zato, kuma kalmar da ta fi yawa a bakinsu ita ce ɗan takara: wannan ɗan takarar baƙin rami ne, ba a naɗa shi ba tukuna.

Mu koma ga baƙon 2011, wanda aka sauya wa suna zuwa Swift J1644+57. Da yake yana maimaitawa, zaton farko na wasu shi ne irin waɗannan taurari ne masu zuƙar maƙwabci, a cikin galaksinmu, wato wannan tarin taurari biliyoyi da ranarmu take ciki. Zato ne mai ma'ana, kuma bai yi kwana biyu ba ya rushe. A daidai gurbin an ga wani ɗan dusu-dusun haske. Aka juya manyan madubai kansa, ciki har da Gemini da ke Hawaii, aka rarraba haskensa, sai ga layukan haidirojin da iskar oksijin duk sun gusa wajen ja da gwargwado guda. Irin wannan gusawa faɗaɗar sararin duniya ce ke jawo ta, kuma ita ce ma'aunin nisa. Lissafi ya nuna wani galaksi ne dabam, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara kusan biliyan 3.8 kafin ya iso.

Nisa shi ne mabuɗin kome, domin fitilar hannu a kusa da gobarar daji a nesa za su iya zuwa wa ido da haske ɗaya. Da aka san nisan, sai aka san cewa abin ya fi ƙarfin duk wani tauraro mai cin maƙwabci nesa ba kusa ba. Sai kuma madubin Hubble da madubin eksire na Chandra suka nuna cewa a tsakiyar galaksin yake, inda manyan baƙaƙen ramuka masu nauyin rana miliyoyi suke zama. Ga wata shedar a cikin jadawalin kansa: hasken yana hawa da sauka cikin kamar sakan 100. Abu ba zai iya sauya haskensa gaba ɗaya da saurin da ya fi lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa shi ba. A sakan 100 haske yana cin kilomita miliyan 30, kashi ɗaya cikin biyar na tazarar da ke tsakaninmu da rana. Ke nan duk wannan wuta daga ɗan ƙaramin wuri take fitowa. Aka duba tsofaffin bayanai, babu alamar galaksin ya taɓa yin irin wannan motsi. Rami ne da ke barci aka tashe shi.

Aka haɗa shedu: tsakiyar galaksi, ɗan ƙaramin wuri, farawa farat ɗaya, daɗewa na makonni. Tun a 1988 masanin Ingila Martin Rees ya yi bayanin abin da zai faru in tauraro ya ɓata hanya ya matso kusa da babban baƙin rami: jan da ake yi wa gefensa na kusa zai fi na gefen nesa, har ya yage, kusan rabinsa ya tsere, rabi ya dawo yana zubowa a hankali. Har an lissafa yadda zubowar za ta riƙa raguwa da lokaci. Abin da ya rage a bayyana shi ne yawan ƙarfin, wanda ya wuce abin da ramin zai iya fitarwa ta kowace fuska. Masu madubin rediyo suka kawo cikon: sun ga wani tushe yana faɗaɗa da gudu kusa da na haske. Ramin ya harbo wani siririn tsiri na wuta, mu kuma muka yi katari muna daidai bakinsa. Ƙungiyoyin Joshua Bloom, Andrew Levan, David Burrows da Ashley Zauderer suka fitar da wannan bayani a cikin shekarar. Ba su daina kallo ba. Bayan kamar kwana 500 hasken eksiren ya faɗi warwas, ya ragu fiye da sau 100 cikin ɗan lokaci, abin da aka karanta a matsayin mutuwar tsirin da abinci ya yi ƙaranci.

Akwai baƙin da suka fi wannan wuya, waɗanda ba su buga wa kowa ƙararrawa ba. Chandra yana da ido mai kaifi amma ƙunci, yakan ƙura wa ɗan yanki ɗaya ido na kwanaki. A wani fili na kudancin sama da ya tara wa kallo na sakan miliyan bakwai, an tsinci walƙiya biyu, ɗaya ta Oktoban 2014, ɗaya ta Maris 2015, kowacce ƙwayoyin haske ɗari da 'yan kai. Ta biyun sai daga baya aka gano ta a cikin ajiya, lokacin da babu sauran abin da za a bi. Duk da haka Xue Yongquan na ƙasar Sin da abokansa suka lura cewa hasken ya tsaya daram na kusan rabin awa kafin ya gangaro, kuma ya fito ne daga gefen wani galaksi mai nisa. A 2019 suka ba da fassarar cewa taurarin nutron biyu ne suka haɗe suka haifi wani mai maganaɗisu mai tsanani. Ta 2014 kuwa masana sun jera fassarori da dama, sun nuna inda kowacce ta yi rauni, suka bar ta a buɗe. Ina ganin wannan ma gwaninta ce, kuma ba ƙarama ba, mutum ya san iyakar abin da ƙwayoyi ɗari za su iya ɗauka, ya ƙi ɗora musu fiye da haka.

Maganin irin wannan makara shi ne ido mai faɗi da kaifi a lokaci guda, kuma dabarar daga teku aka aro ta. Akwai wani babban ɗan uwan jatan lande wanda idonsa dubban 'yan ƙananan bututu ne masu kusurwa huɗu, haske yana dukan bangonsu ya taru wuri ɗaya. A 1979 Roger Angel ya ba da shawarar a ƙera madubin eksire a kan wannan tsari. Ranar 9 ga Janairu, 2024 ƙasar Sin, da haɗin gwiwar Turawa, ta harba Einstein Probe mai irin wannan ido. Ranar 15 ga Maris na shekarar ya ga walƙiyar da ta yi fiye da minti 17. Wannan karon ba a makara ba: wani madubi a Afirka ta Kudu ya kama haskenta na ido, manyan madubai a Hawaii da Chile suka auna nisanta, sai ga shi hasken ya yi shekara biliyan 12.5 a hanya. Fashewar gama ce, amma eksiren ya riga gamar farawa da minti shida da 'yan kai, ɓangaren da tsofaffin na'urori ba za su taɓa gani ba.

A0620-00 kuwa yana nan shiru tun da wutar 1975 ta mutu. Ƙaramin tauraron yana ci gaba da kewaya ramin sau uku da ɗoriya a kowace rana, iskarsa tana tsiyaya tana taruwa a faifai. Daga 1917 zuwa 1975 shekara 58 ne, in aka ƙara wasu 58 za a faɗa 2033. Masu abin sun san tazara ɗaya ba ta zama ƙa'ida, don haka ba su sa masa rana ba. Duk lokacin da yankinsa na sama ya fito da dare, akwai madubai a ƙasa da ke juyawa su auna ɗan haskensa, a rubuta a ajiye.